Dubu biyar ɗin Alhaji

Yau ma na je kasuwar Singa neman kamashona a shagon Alhaji, tsohon ubangidana. Zuwa na huɗu ke nan tun da na ajiye aikin bayan Ƙaramar Sallah.

Da safe raina fes. Uwargida ta dama kunun gyaɗa, yara suka tafi makaranta ba rigima, na hau adaidaita daga Kurna da jan littafina a aljihu. Duk katan ɗin taliya da jarkar man girki da na sayar a wata ukun ƙarshe suna ciki, da sunan mai shago da ranar da aka sauke masa kaya. Kashi 2 cikin 100 muka yi da Alhaji, baki da baki, ba takarda. Lissafina naira 186,000.

Akanta ya ce kayan bashi ne, kuɗin kuma sai bayan tafiyata suka shigo, don haka kamashon na yaron da ya karɓo ne. Na ce to wa ya nemo masu shagunan Rijiyar Lemo da Dawanau? Wa ya sha rana yana lallashinsu su ɗauki kayanmu? Ya ci gaba da latsa waya.

Muna haka Alhaji ya shigo. "A'a, ɗana, kai ne? Haba, tsakaninmu har sai da littafi?" Ya tambayi jikin Baba, ya zaro dubu biyar ya ce in yi kuɗin mota, za a duba maganar.

Na karɓa, har da "Allah ya ƙara arziki, ranka ya daɗe." Wallahi abin da ke cina ke nan tun la'asar. Shekara huɗu ina rusunawa in gaishe shi, yau hannuna ya riga bakina. Guminka ka zo nema, a sallame ka kamar mai roƙo, a gaban yaran shagon da kai ka koya musu aiki.

Yaya ya ce akwai kotun ma'aikata a nan Kano, kada in goge saƙonnin WhatsApp da manaja ke turo min da lissafin wata-wata. Baba kuma ya ce a fara da dattawan kasuwa, Alhaji yana jin kunyarsu. Na fi karkata ga ta Baba, amma saƙonnin na tura wa Yaya duka.

Tuwon dare ban iya ci ba. Dubu biyar ɗin na sa ta a ambulan cikin jan littafin, ranar Alhamis zan mayar masa a gaban dattawan.