Tarihin Rayuwata, Kashi na Biyar: Shekarar Fara

A makon jiya na tsaya a inda muka kammala ɗakinmu na tubalin ciyawa a kudu da kogin Platte, cikin jihar Nebraska, bayan doguwar tafiyar da muka yi a keken shanu daga gabashin Amurka. Ga wanda wancan kashi ya wuce shi, abin da ya kai mu can wata doka ce da Shugaba Abraham Lincoln ya rattaba wa hannu a shekarar 1862, wadda ta ba kowane magidanci damar kama eka 160 daga ƙasar gwamnati, ya biya dala 18 kuɗin takardu, ya zauna a kai yana nomawa har shekara biyar, daga nan filin ya zama mallakarsa. Sai dai zuma da zaƙi take da harbi, domin dokar ta kuma ce duk wanda ya bar filinsa fiye da wata shida, filin ya koma hannun gwamnati, kuma wani yana iya zuwa ya kama shi. Wannan sharaɗi ne ya ɗaure ni da mahaifiyata da ƙannena biyu a tsakiyar dawa cikin hunturun da zan ba da labarinsa yau.

Shekarar 1874 ita ce ta biyu a gare mu a wurin, ni kuma ina da shekara 13. A shekarar farko da gatari muka yi shuka, saboda ƙasar ba a taɓa noma ta ba, saiwoyin ciyawa sun saƙe ta kamar tabarma. Baba ya sara, ni in jefa ƙwayar masara in take da dunduniya. A ta biyu ƙasar ta yi laushi, garma ta shiga sosai, muka shuka masara mai yawa da dankali da albasa. Ruwan sama ya yi ƙaranci, amma duk da haka masarar ta wuce ni tsawo har ta fara goyo, Baba kuwa yakan tsaya a bakin gona da yamma yana lissafin abin da zai saya bayan girbi: saniyar tatsa, da gilashin taga ɗaya da ya yi wa Inna alkawari tun muna hanya.

A ƙarshen watan Yuli, wata rana da tsakar rana, ƙanwata ta shigo da gudu ta ce hadari ya taso daga arewa maso yamma. Muka fito da murna, sai muka ga hadarin yana ƙyalli kamar an watsa ɓarɓashin azurfa a sama, babu tsawa, babu iska mai sanyi, sai wani irin amo kamar na gobarar daji tana cin busasshiyar ciyawa. Kafin mu gane abin da muke kallo rana ta dushe, fara ta fara zubowa kamar ƙanƙara, tana bugun fuska, tana shiga cikin riga da gashin kai. Inna ta kwaso barguna da tsofaffin riguna ta rufe lambunta, farar ta cinye bargunan sannan ta cinye abin da ke ƙarƙashinsu. Ta ci ganyen masara da goyonta ta bar kara tsaye tsirara, ta bi albasa har cikin ƙasa ta bar ramuka masu siffar albasa, ta gaigayi ƙotar fartanya da igiyoyin fata na shanu saboda gishirin gumin da ke jikinsu. Kajinmu suka ci fara har suka kasa tafiya, daga baya namansu da ƙwansu suka yi wari ba su ciwuwa. Ruwan rafin da muke sha ya koma launin ruwan ƙasa, shanu suka ƙi shi sai da ƙishi ya ci ƙarfinsu. Mun ji labari cewa a kan layin dogo jiragen ƙasa sun kasa hawa tudu, saboda farar da ƙafafunsu suka murƙushe ta mayar da ƙarfen mai santsi. Kwana biyu ta yi a gonarmu, a na uku iska ta juya ta tashi, bayan ta cusa ƙwayayenta a cikin ƙasa.

Makwabta suka fara ɗaura kaya. Kullum sai mu ga keken shanu ya nufi gabas, har gidajen da muke hango hayaƙinsu suka ragu daga biyar zuwa biyu. Baba ya ƙi tafiya da mu duka, domin ya riga ya zuba shekara biyu da duk abin da ya mallaka a filin, kuma ya san akwai masu yawo a kan doki suna duba gidajen da aka bari don su kai ƙara ofishin filaye su karɓe. Shawarar da ya yanke ita ce shi kaɗai zai taka zuwa gabashin jihar Iowa, inda gonaki suka tsira, ya yi ƙwadagon girbin masara ya riƙa aiko da abin da ya samu.

Daren da zai tafi, cikin watan Satumba, ya kira ni bayan ɗaki. Na ɗauka bindigarsa zai miƙa mini tare da wata babbar magana, irin wadda yaro yake mafarkin ji. Sai ya nuna mini bututun murhu da ya leƙo ta saman rufin, ya ce, "Ɗana, kana ganin wancan? Duk wanda ya hango hayaƙi daga nesa ya san gidan nan da mutane. Ko me za a yi, kada ya daina tashi."

Na ce, "To, Baba."

Na shiga ɗaki raina a ɓace, ina ganin an raina ni, an ba ni aikin da ƙanwata ma za ta iya.

Ban daɗe ba na gane nauyinsa. A ƙasar da za ka yi tafiyar yini ba ka ga itace ko ɗaya ba sai tsirarun da ke bakin rafi, wuta ba abin wasa ba ce. Makamashinmu busasshen kashin ɓauna ne da na shanu, wanda yake ci da sauri ya bar toka mai yawa, sai kuma doguwar ciyawa da muke murɗawa tamau kamar igiya don ta ɗan jima tana ci. Tun daga Satumba har dusar ƙanƙara ta fara sauka, ni da ƙannena muna yawo da buhu daga safe zuwa yamma, muka tara tsibi biyu da suka kusa kai tsayin ɗakin. Na ja garma na kewaye gidan da kunyoyi don tare gobarar daji, na toshe ramukan da ɓeraye suka yi a bango, na riƙa ɗebo ruwa daga rafi a ganga tunda rijiyar da Baba ya fara haƙa ba ta kai ruwa ba. Abincinmu garin masara ne da ruwan zafi da gishiri, safe da dare, wani lokaci da zomo idan tarkona ya kama.

Zuwa watan Janairu na 1875 garin ya kusa ƙarewa, wasiƙar Baba kuma ɗaya tak ta iso. Abin da ya rage mana na sayarwa shi ne ƙasusuwan ɓauna da na tara tun kaka. A kudu da mu, wajen kogin Republican, akwai kwaruruka da suka yi fari fat da ƙashi, saboda mafarauta masu manyan bindigogi sun karkashe dabbobin dubbai don fatarsu kawai, suka bar naman ya ruɓe. A tashoshin jirgin ƙasa ana sayen ƙashin a kan daloli kaɗan kowane tan, a kai shi gabas a niƙa a yi taki, ko a ƙona a yi gawayin tace sukari. Wata rana ina tsinta na ga kan kibiya na ƙarfe maƙale a haƙarƙari, na sa shi a aljihu ina murna. Sai da na girma na fahimci abin da na tsinta. Ƙasar da takardarmu ta ce ba ta da mai ita, mutanen Pawnee, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, sun yi ɗaruruwan shekaru suna farauta a cikinta, suna gina ɗakunan ƙasa suna noman masara tun kafin kakannina su san sunan Amurka. A watan Agusta na 1873 mayaƙan ƙabilar Sioux suka auka musu suna tsakiyar farauta a kwarin Republican suka kashe da yawa daga cikinsu, kuma daga wannan shekara zuwa 1875 aka kwashe su daga Nebraska zuwa yankin kudu da ake kira Oklahoma a yau. Yunwata ta gaske ce, amma ba zan ɓoye cewa a kan asarar wasu muka kafa murhunmu ba.

Na loda keken tun da dare, na ɗaura wa shanunmu biyu karkiya da asuba, na kama hanyar tasha. Mai sayen ƙashin ya dube ni ya ga yaro, ya karanta ma'auninsa yadda ya ga dama, ni kuwa ban san yadda ake musu da babba ba, na karɓi abin da ya ba ni. Na sayi buhun garin masara, da gishiri, da ɗan kananzir, na kwana a ƙarƙashin keken, washegari na juyo gida.

Safiyar ta yi daɗi fiye da kima, babu iska, har na kwance maɓallin rigata. Tsofaffin wurin suna tsoron irin wannan safiya, ni ban sani ba tukuna. Bayan rana ta karkata shanun suka fara ɗaga hanci suna huci, na waiwaya arewa na ga wani farin bango ya haɗe sama da ƙasa yana tahowa. Cikin ɗan lokaci na daina ganin ƙahonin shanun da ke gabana. Dusar ba daga sama take zuwa ba, daga gefe take bugowa, laushinta kamar gari, tana toshe hanci tana daskarar da gashin ido. Na tuna labarin guguwar watan Afrilu na 1873, wadda ta yi kwana uku, aka tsinci mutane a mace taku kaɗan daga ƙofar ɗakinsu saboda sun yi ta zagaye ba su sani ba. Abin da ya zauna mini a rai shi ne mai tafiya shi yake ɓacewa, don haka na saki linzamin ra'ayina na bar shanun suka bi bayan iska, har suka gangara wani ɗan kwari suka tsaya. Na kwance musu karkiya da yatsun da ba na ji, suka kwanta a jikin gangaren, na jawo buhun garin da fatar ɓaunar da Inna ta tilasta mini ɗauka, na cusa kaina tsakanin dabbobin biyu na lulluɓe.

Ban san adadin sa'o'in da na yi a wurin ba. Barci ya riƙa jana da wani irin daɗi, na kuwa ji ana cewa wannan barcin ba a farkawa daga gare shi, saboda haka na riƙa cizon hannuna, ina kiran sunayen ƙannena da ƙarfi, ina motsa ƙafafuna a jikin shanun. Na yi kuka, na yi addu'a, na kuma yi fushi da Baba fushin da ban taɓa faɗa masa ba har ya bar duniya. Dusar da ta binne mu ita ce ta tare mana iska, ɗumin shanun kuma ya riƙe ni har gari ya waye sau biyu.

Da iskar ta kwanta na tono kaina na fito, duniya ta zama fari ɗaya, babu hanya, babu alama. Keken ya nutse, na bar shi, na ɗora buhun a bayan sa ɗaya na hau tudu mafi kusa ina dube-dube. Can nesa, wajen yamma, na hango wani siririn zare baƙi yana miƙewa sama. Na bi shi har faɗuwar rana. Da na tura ƙofa na tarar tsibin makamashinmu ya daskare a ƙarƙashin ƙanƙara ba ya tonuwa, Inna ta ƙona bencinmu, ta ƙona akwatin da ta zo da shi daga gidan iyayenta, tana cikin farfasa gadon Baba. Ta ce ta san idan ina da rai hayaƙi zan nema.

Ta cire mini takalma ta goge ƙafafuna da dusar ƙanƙara, kamar yadda kowa yake yi a zamanin, abin da wani likita ya gaya mini daga baya cewa ƙara ɓarna yake yi. Yatsu biyu na ƙafar hagu suka yi baƙi, bayan makonni suka fita, shi ya sa har yau nake ɗingishi idan sanyi ya shigo.

Ina kwance ina jinya wani hafsan soja ya iso a kan doki da littafi a hannu. Gwamnati ta sa sojoji su bi gida gida su rubuta waɗanda fara ta talauta, a raba musu abinci da tsofaffin tufafin soja. Inna ta ji kunya ƙwarai, domin ba ta taɓa miƙa hannu ga kowa ba, ta tsaya tana murza gefen rigarta. Daga bakinsa muka ji cewa tun watan Disamba majalisar ƙasa ta yi doka da ta yarda wa irinmu su bar filayensu na ɗan lokaci ba tare da sun rasa su ba, labarin da bai iso mu ba sai bayan mun riga mun sha wahalar zaman. Hafsan ya dubi ɗakin, ya dubi inda gado yake a da, ya ce, "Uwargida, wane ne maigida a nan? Sunansa zan rubuta."

Inna ta yi shiru kaɗan, sannan ta nuna ni a kan shimfiɗa ta ce, "Ga shi nan."

Ya rubuta sunana, ya ajiye mana gari da wake, ya miƙo mini wata shuɗiyar rigar sanyi ta soja wadda ta sauko mini har idon sawu.

Ƙanƙara ta narke a ƙarshen Maris, Baba bai dawo ba, wasiƙa kuma babu. Da ƙasa ta ɗumama na fita da sanda ina ɗingishi don in duba inda zan fara huɗa, na tona da yatsa a gefen tsohuwar gonar masara, sai na ga ƙasar tana motsi da 'ya'yan fara, ƙanana kamar ƙwayar alkama, ba su riga sun yi fiffike ba. Abin da muka yi da su, da kuma mutumin da ya zo da labarin Baba, sai a kashi na shida, mako mai zuwa.