Zuwa Ga 'Yan'uwana Na Gida, A Kan Tawakkali A Lokacin Ƙunci

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku daga ƙasar da neman halal ya kawo ni, domin saƙonnin da ke iso mu daga gida kusan duk magana ɗaya suke ɗauke da ita: rayuwa ta yi tsanani, abin da ake samu ba ya kaiwa ƙarshen wata, magidanci yana kwana yana lissafi. Muna ji, kuma abin yana taɓa mu ƙwarai. Sai dai akwai kalmar da ake yawan rufe saƙo da ita wadda ta fi labarin tsananin tayar mini da hankali, wato "ba mu da kowa sai kai."

'Yan'uwa, wanda ake gaya wa wannan magana shi ma bawa ne mai rauni. A ƙasashe da yawa izinin zaman baƙo a ɗaure yake da aikinsa, ranar da aka sallame shi kuwa, gidan haya da takarda da albashi duk sukan girgiza lokaci guda. Allah Ya faɗa a Suratu Hud, aya ta 6, cewa babu wata dabba a bayan ƙasa face arzikinta yana wuyanSa, kuma ayar ba ta ware wata ƙasa ko wani irin kuɗi ba. Ɗan'uwan da ke waje sababi ne kawai, kamar yadda gona da kasuwa da ofis suke sabubba, kuma zuciyar da ta rataya ga sababi ba ta samun natsuwa, domin kullum tana tsoron ranar da zai yanke.

Wannan ba kira ba ne ga zaman jira. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Umar, Manzon Allah (SAW) ya ce da muna dogara ga Allah haƙiƙanin dogaro, da Ya azurta mu kamar yadda Yake azurta tsuntsaye, suna sammako da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe. Mutane sukan riƙe ƙoshin su manta da sammakon. Bukhari ya kawo daga Ibn Abbas cewa wasu mutanen Yaman sukan taho aikin hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, idan sun iso Makka sai su kama roƙo, sai aka saukar da umarnin yin guzuri a Suratul Baƙara, aya ta 197. Mu da muke baƙunta kuwa, labarin Abdurrahman bin Auf ya fi kusa da zukatanmu. Ya iso Madina hannu wofi, Sa'ad bin Rabi'i ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuma ya sa masa albarka ya ce a nuna masa kasuwa. A ganina wannan shi ne tawakkali: jiki yana kasuwa, zuciya tana wurin Mai bayarwa.

Inda na fi ji mana tsoro shi ne lokacin da biyan buƙata ya jinkirta, domin a nan ne Shaiɗan yake ƙawata tauye mudu da cin amana da bashin riba, ya kuma kira su dabara. Alƙawarin da ke Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 2 da ta 3, na mafita da arziki ta inda bawa bai zata ba, an ɗaura shi ne a kan taƙawa. Wanda ya miƙa hannu ga haram don tsoron yunwa, ya munana zato ga Ubangijin da yake cewa ya dogara gare Shi.

Akwai kuma nauyi a kan duk wanda Allah Ya hore wa, a gida yake ko a waje, kuma ba daidai ba ne ya sallami mai yunwa da "Allah Ya kawo" alhali abin yana hannunsa. A shekara ta 18 bayan hijira, lokacin farin da aka sani da Amur Ramada, Sayyidina Umar ya fita roƙon ruwa tare da jama'a, ya kuma rubuta wa gwamnoninsa a aiko da abinci, ya hana kansa abinci mai maiƙo har sai mutane sun samu. Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyawa, wato ƙabilar sahabi Abu Musa al-Ash'ari, saboda idan abincin iyalansu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi guda su raba daidai, har ya ce su nasa ne shi ma nasu ne.

Don haka ina roƙon 'yan'uwana da ke waje kada mu bi abin da muka aika da gori. Ku kuma na gida, idan aike ya makara, ku yi mana uzuri, ku ci gaba da nema, ku sa mu a addu'a, domin muna buƙatarta kamar yadda kuke buƙata.

Wassalam,
Ɗan'uwanku da ke ƙasar waje.