Sai Sallah muke ganin motarsa

Har yau ban manta daren da aka faɗi sakamakon zaɓen majalisar jiha na Maris 2023 ba. Matasa na ta zagaye gari da babura, ni da Baba muna wurin mai shayi, kofinsa har ya huce bai kurɓa ba. Ya ce min, "Ɗana, wanda ya ci ɗin nan ko hanyar rijiyarmu bai sani ba."

Gaskiya ya faɗa, iyalin ɗan majalisar duk suna Abuja. Kuma sashe na 106 na kundin tsarin mulkin 1999 bai wajabta wa ɗan takara zama a mazaɓarsa ba. Abin na ci min rai wallahi. Ga damina ta sake kamawa, gadarmu na nan a karye.