Ƙaramin injin gwajin manhaja da ya iya jira

Matasanmu masu rubuta manhaja a Jidda da Makka, musamman masu haɗa manhajar lissafin canjin riyal zuwa naira, sukan ɗauka sai an girka Jest, wato manhajar gwajin JavaScript, kafin a fara gwaji. Ba dole ba ne. 'Yan layuka a fayil mai ƙarshen .mjs sun isa, muddin an gane cewa aikin da ke jiran amsa daga intanet bai gama ba a lokacin da aka kira shi.

`gwaji(suna, aiki)` za ta zuba kowane gwaji a jeri, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya:

```js
for (const g of jeri) {
  try { await g.aiki(); console.log('ya wuce', g.suna); }
  catch (e) { faduwa++; console.log('ya fadi', g.suna, e.message); }
}
process.exitCode = faduwa ? 1 : 0;
```

Wannan `await`, mai sa a jira aikin ya gama, shi ne ginshiƙin. Cire shi, allo zai ce gwajin ya wuce alhali `assert`, mai duba ko sakamakon daidai ne, bai ko kai ga dubawa ba. In ka yi amfani da `forEach` kuma, za a sa lambar fita ta nasara kafin gwaje-gwajen su gama, domin ba ta jiran kowa. Cikin gwajin kansa ma tarkon yana nan: `assert.rejects`, mai tabbatar da cewa aiki ya jefo kuskure, ba tare da `await` ba yakan bar kuskure ya sulale. A ganina wannan ya fi rashin gwaji muni, don yana sa ka saki jiki da ƙarya.

Sai wa'adi. Alkawarin (`Promise`, wato amsar da ake jira) da bai taɓa cika ba zai iya riƙe komai, ko kuma Node, mai gudanar da fayil ɗin, ya fita da lamba 13 ba tare da rahoto ba. Haɗa aikin da agogo ta `Promise.race`, mai ɗaukar wanda ya fara gamawa; Mocha, wata manhajar gwajin, na ba da daƙiƙa 2, Jest 5. A `finally` ka kashe agogon da `clearTimeout`, in ba haka ba shirin zai zauna jiransa. Kuma `race` ba ta tsayar da aikin da ya makara, yana ci gaba a ɓoye har ya ɓata gwaji na gaba. Ba shi `AbortController` don a katse shi.

Kada gwaji ya taɓa sabar gaske. Ba shi `fetch` (mai ɗauko bayani daga intanet) na bogi mai dawo da riyal 3.75 kan dala ɗaya. In lissafin ya shafi kwanan wata, gudanar da shi da `TZ=Asia/Riyadh`, domin sabar da ke kan UTC, wato lokacin duniya, tana bayan Saudiyya da awa 3, bayan sha biyun dare ranar za ta saɓa.

In aikin ya girma, koma `node:test`, yana cikin Node tun sigar 18.