Sassaƙa baka: icen turawa da namu na nan gida

Ƙanina ne ya turo min wani bidiyo a WhatsApp, wani bature a Amurka yana sassaƙa baka da icen da suke kira mountain laurel, ya ce Yaya duba min ko wannan zai yi harbi kuwa. Toh na kalla, kuma gaskiya mutumin ya yi ƙoƙari don ba ƙaramin ice mai gardama ya ɗauko ba. Ƙaramar bishiya ce da ke fitowa a gabashin Amurka kan tuddai da gefen duwatsu, furenta kyakkyawa har jihohin Pennsylvania da Connecticut suka mai da shi furen jiharsu, amma duk jikinta guba ne, akuya ko tunkiya ta ci ganyen sai ta kwanta. Icen akwai tauri sai dai a karkace yake girma, da ƙyar ka samu miƙaƙƙe mai tsawon mutum, shi yasa can ɗin ma cokali da ƙananan kaya aka fi yi da shi, masu yin baka nasu sun fi son hickory da osage orange, mutanen Ingila kuma yew.

Mu nan gefen Gwaram abin da na taso na ga Kawu yana amfani da shi dargaza ce da ɗunɗu, wani lokacin gora in ana son mai sauƙi na yara. Dargaza tana lanƙwasa ta dawo ba ta riƙe fushi, ɗunɗu kuma ya fi tauri amma shima kamar wancan na turawan ne wajen karkata, ga kuma ƙaya, sai ka zagaye daji kafin ka ga reshe ɗaya da zai yi.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne rabin aikin duk a bushewa yake. In ka saro ice ɗanye ka ce yau ɗin nan za ka ɗaura masa tsirkiya to zai lanƙwasa kam, amma a haka zai zauna, ƙarfin ya tafi kenan. In kuma ka jefa shi a rana lokacin hunturu sai ya tsattsage tun daga baki. Kawu a madafa yake ratayewa can sama inda hayaƙi ke bugunsa a hankali, watanni yana nan ba mai taɓa shi, hayaƙin kuma yana korar ƙwarin da ke huda ice. Inda ya karkace sai a shafa masa man kaɗe a kara shi kusa da garwashi, ba cikin wuta ba fa, in ya ɗau zafi a danna da gwiwa a riƙe har ya huce.

Sai sassaƙa, nan ne ake gane wanda ya iya. Baka yana da baya yana da ciki. Bayan shi ne ɓangaren da ke kallon abin da za ka harba, in ka ja shi ne yake miƙewa, cikin kuma da ke kallonka shi yake matsewa. Bayan nan ɓawo kawai ake cire masa a bar shi yadda Allah ya yi shi, ka kuskura wuƙa ta yanke jijiyar icen a wurin to daga nan zai karye, kuma ba a hannun mai sayarwa zai karye ba, sai ran da ka ja shi iya ƙarfinka ya ɓalle maka a fuska. Duk ragewa daga ciki ake yi, a fara da gizago a koma wuƙa ana kankarewa kaɗan kaɗan, tsakiya wajen riƙo da kauri, ana zuwa baki ana sirancewa. Ka kankara ka dafa shi a ƙasa ka duba, inda ya ƙi lanƙwasa ka rage, inda ya fi saurin lanƙwasa kar ka ƙara taɓa wurin, haka za ka yi ta yi har sama da ƙasa su zo daidai. Wurin da reshe ya fito kuwa ana barin masa ɗan kauri. A nan ne na ɗan yi shakkar bakan baturen, irin wannan ice gaɓoɓinsa sun yi yawa, zai yi harbi amma ni dai ba zan ja shi har kunne ba.

Tsirkiya ta fata ce, a yanka ta siririya a jiƙa a murɗe a miƙar ta bushe. Da damina takan saki jiki, shi yasa harkar ta fi daɗi da rani, kuma in an gama ana kwance ta don bakan ya huta. Kar ka ja ka saki ba kibiya, yara na son yin haka, yana lalata baka sosai. Kibiyarmu kyauro ne da ƙarfen maƙera mai kunne, ba ma sa mata gashin tsuntsu irin na turawa. Zancen dafin kibiya da kwankwani, tsiron da ake haɗa dafin da shi, kuwa ba zan shiga ba, na maharba ne.

Kuma kar a raina abin nan don yanzu kowa bindigar toka yake ratayawa. A yaƙin Tabkin Kwatto a 1804 jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo dawakinsu kaɗan ne, masu baka ne suka tsaya wa rundunar Yunfa Sarkin Gobir, har yau kuma sarautar Sarkin Baka tana nan a garuruwanmu. Matsalar yanzu icen ne, masu itacen girki da masu gawayi sun share dajin da ke kusa, dargazar da a da ake samu a bayan gari sai an hau mashin an yi nisa, shi yasa bakunan da nake gani a kasuwar ƙauye yawanci gora ce ko ɗanyen reshe da aka ɗaura wa igiyar leda.