Addu'ar numfashi, abin da nake riƙewa idan fargaba ta taso

Ni dai damuwa a ƙirji take fara kama ni. Numfashi ya koma sama-sama, zuciya na dukan uku-uku, kuma a irin wannan lokacin ko na durƙusa zan yi addu'a maganar bata zuwa, in ce "Ya Uba" kafin in kai ƙarshen jimla tunani ya gudu wajen bashi ko aiki ko sakamakon gwajin asibiti da ake jira. Wata dattijuwa a ƙungiyar addu'armu na faɗa wa, sai ta ce "ɗana, wa ya ce maka dole sai doguwar addu'a? Ɗauki layi ɗaya ka ɗora a kan numfashinka." Daga nan na fara.

Abin ba wuya. Zaka zaɓi gajeriyar magana daga Littafi Mai Tsarki ka raba ta biyu, rabi idan kana jan numfashi, rabi idan kana saki. Tawa daga Zabura 23:1 ce. In ja iska ta hanci a hankali ina cewa a zuci "Ubangiji makiyayina ne", in sake ta ina cewa "ba zan rasa kome ba". Ina ɗora hannu a ciki don in tabbatar cikin ne ke tashi ba kafaɗa ba, in sauke kafaɗun, in saki haƙora saboda ashe ina cije su ban sani ba. Shi ke nan, sai maimaitawa.

Babban abin da na gane shi ne sakin numfashin ya fi jan sa muhimmanci. Idan fitar iskar ta fi shigarta tsawo, bugun zuciya yakan ragu, don akwai jijiyar da ake kira vagus wadda ke taka wa zuciya birki, kuma lokacin fitar numfashi ne ta fi aiki. Shi ya sa nake sa rabin da ya fi tsawo a wajen saki, ko in faɗi na sakin a hankali. Wajen numfashi shida a minti ɗaya ya isa. Masu haki da sauri wai don su samu iska kuwa, jiri suke jawo wa kansu da jin kamar ana tsira musu allura a yatsu, saboda iskar kabon da ke cikin jini ta yi ƙasa da yawa.

Wani ɗan'uwa ya taɓa ce min anya wannan ba irin na masu yoga bane, kuma ai Yesu ya hana maimaita surutai a Matiyu 6:7. Na ji daɗin tambayar sosai don ni ma ta taɓa zuwar min. Amma abin tsoho ne a cikin ikilisiya. Tun ƙarni na 4 masu ibada a hamadar Masar suke riƙe aya ɗaya suna ta juya ta yini guda, Yohanna Kasiyan, wani mai ibada da ya zauna tare da su, ya rubuta cewa Zabura 70:1 suke so, wato roƙon Allah ya gaggauta kawo taimako. Daga baya aka samu addu'ar Yesu da Kiristoci 'yan ɗarikar Otodoks ke yi har yau, musamman a Dutsen Atos na ƙasar Girka, "Ya Ubangiji Yesu Kiristi, Ɗan Allah, ka ji tausayina, ni mai zunubi." Ita kanta daga bakin Bartimawas makaho aka ɗauko ta a Markus 10, da mai karɓar haraji na Luka 18. Abin da Yesu ya tsawata shi ne tsammanin yawan surutu ne zai sa a ji ka, ai shi da kansa a Getsamani sau uku ya koma yana faɗin magana ɗaya. Kuma Bulus da ya ce a yi ta addu'a ba fasawa a 1 Tasalonikawa 5:17, ni ban ga yadda mai aiki da iyali zai iya ba in ba da irin wannan ba.

Na kuma lura sai ka saba da ita lokacin da kake lafiya lau sannan take zuwa da kanta ranar da hankali ya tashi. Don haka nakan yi da safe kafin in taɓa waya, minti biyar haka, da kuma a layi ko cikin mota. Tunani zai gudu, dole ne, sai ka dawo da shi kan ayar ba tare da faɗa da kanka ba.

Bashin nan dai bai biya kansa ba, kuma akwai dararen da na yi ta yi barci bai zo ba sai asuba. Abin da ya canza shi ne bana jin ni kaɗai ne a ciki, kuma bayan 'yan mintoci nakan iya yin doguwar addu'ar da ta gagara da farko. In fargabarka ta kai ga hana ka ci da barci da aiki, ko kana jin ciwon ƙirji, don Allah ka ga likita, ka kuma faɗa wa fastonka ko wani da ka yarda da shi. Ni na je, kuma a kan bencin jiran likitan ma ita nake yi.