Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Awon Zuciyar Baba

Makon jiya na tsaya a inda saƙon asibitin Indiya ya shigo wayar Yaya bayan sallar isha'i. Sun duba hoton eko da aka yi wa Baba, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, sun ce ɗaya daga zaruruwan da ke riƙe ƙofar zuciyarsa ta hagu ne ya tsinke, shi ya sa jini ke komawa baya yana taruwa a huhu. Za su iya gyarawa da mutum-mutumi, ba sai an tsaga ƙashin ƙirji ba. Amma ba za su sa mana rana ba sai mun tura wani hoton.

Baba ya ajiye kofin shayinsa. "Uwata, ƙarfe ne zai yanka ni?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Mutumin da ya shekara 40 yana ɗinki a Fagge bai taɓa barin yaron shago ya sa almakashi a shaddar mutane ba, ina zai miƙa ƙirjinsa ga inji?

Washegari muka koma wurin likitansa a Asibitin Malam Aminu Kano. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri, ya juya bayan takarda ya yi mana zane. Ya ce na'urar, wadda sunanta "da Vinci", ba ta motsi da kanta. Likita ne ke zaune gefe, idonsa a cikin madubi, yatsunsa na juya hannuwan ƙarfe da aka zura ta ƙananan huji tsakanin haƙarƙarin dama, kowanne bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Kyamara na nuna masa cikin zuciya an ƙara girmansa kamar sau 10. Baba ya tambaya ko a kansa za a koya. Likita ya yi murmushi ya ce tun 1998 aka fara irin wannan gyara a Faris, Amurka kuma ta amince da na'urar a 2000.

"To hoton na mene ne, tunda akwai kyamara?" in ji Yaya.

Nan likita ya gyara zama. Ya ce wanda ya buɗe ƙirji yana gani, yana kuma taɓawa. Yatsarsa na gaya masa inda jijiya ta yi tauri. Mai aiki ta huji ba ya da wannan, kuma kyamara abin da ke gabanta kawai take gani. Sannan dole a tsayar da zuciya kafin a yi ɗinki, a haɗa mutum da injin da zai karɓi aikinta da na huhu. Tunda ƙirji a rufe yake, ta jijiyoyin matsematsi ake zura bututun, jini ya riƙa hawa daga ƙasa zuwa sama, akasin yadda ya saba. In akwai daskararren kitse a bangon jijiya, yana iya ɓantarewa ya tafi ƙwaƙwalwa, mutum ya farka da shanyewar ɓarin jiki. Don haka sai an ga hanyar kaf, daga ƙirji har cinya, an auna faɗinta. Ranar aikin kuma za a zura wani eko ta hanyar abinci, wadda ke manne da bayan zuciya. Da shi za a ga inda kowane bututu ya tsaya, da shi kuma za a tabbatar ƙofar ta daina yoyo kafin a rufe.

Baba ya daɗe yana kallon zanen. "Wato awo suke so kafin yanka."

"Shi ke nan, Alhaji."

A nan ne muka yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Saboda layi, muka tafi wani wurin ɗaukar hoto mai zaman kansa. Na nuna wa na kan tebur saƙon, ya kalla sama-sama ya ce ya gane. Aka yi siti sikan, wato hoton cikin jiki da suka nema, muka biya da kuɗin da Umma ta sayar da awarwaronta, muka tura. Kwana biyu amsa ta dawo: ƙirji kawai aka ɗauka, babu ciki, babu matsematsi. Na zauna a tsakar gida na yi kuka, don ni na riƙe wayar, ni ya kamata in tsaya sai ya karanta.

Maimaitawar ma ba a ranar ba. Ruwan da ake ɗurawa a jijiya don ta fito a hoto yana wahalar da ƙoda, sai da aka sake gwajin jini aka ga ƙodar Baba lafiya lau. A karo na biyu na rubuta abin da ake so a takarda da babban baƙi, na tsaya a kan mai ɗaukar hoton har ya karanta a gabana. Da aka gama ya kira ni ya juyo mini allon kwamfuta. Ga babbar jijiyar Baba ta fito daga zuciya, ta lanƙwasa kamar sandar makiyayi, ta gangaro ta rabu biyu wajen cibiya. Can ƙasa, a reshen hagu, na hango wasu ɗigo farare guda uku kamar an ɗiga alli.

Na ce, "Malam, waɗannan fa?"

Ya ce ba aikinsa ba ne ya faɗa, likita zai duba.

A Adaidaita Sahu, muna wuce Ƙofar Nasarawa, Baba ya karɓi faifan hoton daga hannuna ya sa a aljihun gaban rigarsa, inda yake ajiye tef ɗin awo. Ban gaya masa abin da na gani ba. Daren nan Yaya ya tura hoton, na kwana da waya a ƙarƙashin matashi.

Abin da suka ce game da ɗigon nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.